Babur mai kafireta ko mai kwamfuta? Amsa ga ƙaninmu na Gombe

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina, na karanta tambayarka. Ka ce kana Gombe da zama, ka tara kuɗin babban babur na tafiyar nesa, irin mai cin kwalta ya ci burji, kana son ka riƙa zagaya Tula da Dadin Kowa da Biu, wata rana kuma ka hau Mambila. Abin da ya hana ka barci shi ne ko ka ɗauki tsohon yayi mai kafireta, ko na zamani mai allo da kwamfuta. Na ga wasu sun ce maka ka guji duk abin da ke da waya fiye da goma, wasu kuma sun ce kafireta ta zama tarihi. Ni na daɗe a kan iri biyun, a waɗannan hanyoyin da ka lissafa, kuma ban yarda da ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba.

Kayan lantarkin babur ba ɗaya suke ba. Akwai wanda in ya mutu za ka ga fitila ta kama a allo, ka ci gaba da tafiyarka har gida. Akwai wanda in ya mutu, nan za ka kwana. Duk babur ɗin da za ka duba, ka bi kayan jikinsa ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka: in wannan ya lalace tsakanin Bali da Serti, mashin zai kai ni gari ko sai an nemo mota?

ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in ka damƙe birki, yana cikin na farko. In sensar taya ta tsinke, birkinka yana nan, ya dai koma irin na da. Kuma ni ba na wasa da ABS. Duk wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Bauchi da yamma ya san yadda shanu ko ɗan acaɓa ke faɗo wa titi ba sallama. Na taɓa damƙe birkin gaba da dukkan ƙarfina kusa da Alkaleri a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, na ji hannun birki yana bugawa a yatsuna, tayar ba ta kulle ba, na tsaya daf da saniya. Da a kan tsohon mashin nake, sai dai wani labarin. BMW ce ta fara sa shi a babur a 1988, kuma tun 2017 dokar Turai ta wajabta shi a kan duk sabon babur da ya wuce cc 125. Sharaɗina ɗaya ne: ya zama wanda ake iya kashewa, aƙalla na tayar baya. A kan tsakuwa da yashi, musamman a gangara, ABS na titi sakin birki yake yi a daidai lokacin da kake buƙatar taya ta haƙa ƙasa ta tsaya. Haka na'urar hana taya zamewa: a kwalta alheri ce, amma a cikin yashin kwarin rafi sai ta yanke maka wuta daidai lokacin da kake murɗa totur don ka fita, ka nutse. Ka koyi kashe su tun kana gida, kuma ka sani a mashina da yawa in ka kashe makulli ka sake kunnawa, dawowa suke yi da kansu.

Injekta, wato na'urar da kwamfuta ke sarrafawa tana fesa wa injin mai a madadin kafireta, ita ce ake ta gardama a kanta, don haka bari in tsaya a nan. Kafireta ba ta buƙatar komai sai mai ya gangaro daga tanki. In ta toshe, kowane bakanike a Kaltungo ko Billiri zai kwance ta a kan buhu, ya hure jet, ya mayar, domin ita yake taɓawa kullum a jikin Boxer da Jincheng. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tana da nata halin. Ka tashi daga zafin Numan ka hau tsaunin Mayo Selbe zuwa Nguroje da Gembu, iska ta yi ƙaranci, mai ya yi wa injin yawa, ka ji mashin yana kasala, fulogi ya yi baƙi, mai yana ta tafiya. Injekta kuwa tana auna iska tana daidaita mai da kanta, ba ruwanta da tudu ko sanyin asubar hunturu. Da litar fetur ta koma yadda ta koma tun cire tallafi a Mayun 2023, wannan ragin shan man ba abin rainawa ba ne.

Inda injekta ke da rauni shi ne famfon mai da batir. Famfon yana cikin tanki, yana tura mai da ƙarfi ta ƙofofi masu ƙanƙanta ƙwarai, kuma man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Ka haɗa masa ruwa da datti na galan ɗin 'yan bumburutu, ka kuma saba tafiya da tanki kusan babu komai, ka gama da shi. Wani abokin tafiyarmu haka ta faru da shi bayan Cham. Ya sha mai a bakin hanya, ba mu yi nisa ba mashin ya fara shaƙewa, ya mutu. Ka murɗa makulli, maimakon ɗan kukan nan da famfo ke yi na daƙiƙa biyu, shiru. Bakaniken ƙauyen mutumin kirki ne, ya zagaya mashin ɗin, ya leƙa ƙarƙashin tanki yana neman kafireta, ya miƙe ya ce, "Alhaji, wannan ba namu ba ne." A bayan a-kori-kura aka mayar da shi Gombe, kuma sai da aka yi makonni ana jiran famfo daga Legas. Injiniyan da ya ƙera mashin ɗin bai yi laifi ba. Man ne. Ku tuna ma a Fabrairun 2022 gurɓataccen fetur mai yawan metanol ta gidajen mai ya shigo, ba ta galan ba.

Saboda haka ban ce ka guji injekta ba. Kawasaki ma da ta riƙe KLR650 a kan kafireta daga 1987 har 2018, da ta dawo da shi a samfurin 2022 da injekta ta dawo. Dokokin hayaƙi na Turai da sauran ƙasashe sun riga sun rufe wa kafireta ƙofa, sai 'yan tsiraru irin Suzuki DR650 da kusan bai canza ba tun 1996. Abin da za ka yi shi ne ka riƙa tace duk man da ba daga famfon gidan mai ya fito ba, kada tanki ya sauka ƙasa da kwata, ka ajiye sabon famfo da filta a jaka in tafiyar mai nisa ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Batir kuma kada ka yi masa rowa. Waɗannan manyan ba su da kik, kuma in batir ya mutu murus, turi ba lallai ya tashe su ba, domin famfo da kwamfuta sai da wuta.

Waɗanda nake tsoro da gaske su ne makulli marar sakawa, da totur na lantarki, da shok mai daidaita kansa. Ba don suna yawan lalacewa ba, gaskiya ba sa yi. Don in sun lalace babu dabara. Wayar totur ta ƙarfe in ta tsinke, za a samo ta wani mashin a lanƙwasa a ɗaura, ka isa gari. Na lantarki in sensarsa ta rikice, kwamfuta za ta rage maka ƙarfi ko ta hana ka tafiya, kuma ba ka da abin cewa. Shok na lantarki in ya fara yoyo, kuɗinsa zai iya sayen sabon ƙaramin babur. Su BMW R1300GS da ya fito a 2023 da ƙarfin doki 145, da Ducati Multistrada V4 mai radar gaba da baya, abin sha'awa ne, na hau irinsu na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Amma an yi su ne da tunanin akwai dila mai kwamfutar kamfani a kowane babban gari. Mu a nan babu.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: yawancin matsalar lantarkin da na gani da idona, hannun mutum ne ya jawo ta. Mashin ya zo lafiya, mai shi ya kai wa mai rewaya a ƙara fitilun gefe da hon mai ƙara, shi kuma ya fere waya da reza ya ɗaura ya naɗe da salatif, yadda ya saba. A mashinan zamani akwai wayoyin da saƙo suke ɗauka tsakanin kwamfutoci, wasu ma ba su da fis irin wanda muka sani, kwamfuta ce ke yanke layi in ta ga an ja wutar da ba ta sani ba. Daga nan sai ciwon da ba a gane kansa. In za ka ƙara wani abu, a jawo daga batir kai tsaye da rile da fis ɗinsa daban. Sai masu wanki da ke saita bakin injin feshi a kan allo da soket. Ka tsaya a kansu, ko ka wanke abinka da bokiti.

Kada kuma maganar kwamfuta ta mantar da kai nauyi. BMW R1250GS kilo 249 ne da mai a ciki, kusan Boxer biyu ke nan. Yamaha Ténéré 700 wajen 204, DR650 wajen 166. Ranar da ya kwanta maka a taɓo cikin damina kai kaɗai, babu na'urar da za ta ɗaga maka shi.

Da ni ne kai, tsakiya zan tsaya: injekta, ABS mai kashewa, totur na waya, makulli na sakawa, shok na hannu. Ténéré 700 na 2019 zuwa 2024 haka yake, shi ya sa matafiya suka rungume shi, sai a samfurin 2025 Yamaha ta sa masa totur na lantarki. KLR650 sabo ma kusan haka yake, sai dai ABS ɗinsa ba a iya kashe shi. Royal Enfield Himalayan 411 mai injekta ma yana cikin sahun in ba gudu kake nema ba. In kuwa ka san rabin tafiyarka a ƙauyukan da ko sabis na waya babu za ta kasance, kuma kana son kama sifana da hannunka, DR650 ba zai ba ka kunya ba, sai dai ka san ba shi da ABS, ka ba wa na gabanka tazara a titi.

Tunda kusan duk abin da ke zuwa mana na hannu ne, kada kyan fenti ya ruɗe ka. Ka je da sanyin safiya kafin mai shi ya ɗumama injin. Ka murɗa makulli ka ga duk fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu da injin ya tashi, na ABS sai an fara tafiya yake mutuwa. Wanda bai kama ba sam, wataƙila an kashe shi ne don a ɓoye ciwo. Ka ɗaga kujera ka duba wayoyi ko akwai salatif. Ka sayi ɗan sikana mai haɗuwa da wayar hannu da soket ɗin da ya dace da mashin ɗin, ka karanta abin da kwamfutar ta ajiye kafin ka biya. Kuma in makullin mai lambar sirri ne a ciki wadda kwamfutar mashin ke karantawa, kada ka karɓi guda ɗaya. Ka ce sai biyu, ka gwada kowanne ya tayar da injin a gabanka.