Me Ya Sa Muke Kai Mai Makoki Wurin Likita?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne Hausawan da ke zaune a Ingila suna kai wanda aka yi wa rasuwa wurin likita, kuma ko hakan ba raunin tawakkali ba ne. Muna yi, amma ba kowa ake kaiwa ba.

A gida jama'a ce ke ɗauke wa mutum rabin nauyin rashi, domin masu gaisuwa ba sa yankewa. A nan gawa kanta takan jira takardun hukuma kafin a yi jana'iza, ta'aziyya yawanci ta waya ce ko a masallaci a ƙarshen mako, ranar Litinin kuma kowa ya koma bakin aikinsa. Sai ka tarar da mai takaba ita kaɗai a ɗaki wata huɗu da kwana goma, a ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, ba mai leƙa ta har yara su taso daga makaranta.

Baƙin ciki kuwa yana taɓa jiki sosai: barci ya gagara, abinci ya fita a rai, jini ya hau. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna cewa haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau 21 a ranar farko ta rashin makusanci. Duk da haka yawancin mutane suna farfaɗowa ba tare da magani ba, kamar yadda binciken George Bonanno, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka, ya nuna, shi ya sa ba ma gaggawa. Wanda muke damuwa da shi shi ne wanda kewar mamaci ta hana shi aiki da shiga mutane fiye da wata shida, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, bisa sharaɗin ya zarce abin da addini da al'adar mutumin suka saba. Wannan sharaɗi ya kwanta mini a rai, domin takaba ba ta shiga lissafin cuta ke nan.

Irin wannan mutum liman ne ke fara zama da shi, daga nan wani dattijo ya raka shi asibiti, addu'a kuma ba ta tsayawa saboda an ga likita.