Kafin a miƙa makullin bariki: amsoshi kan sayen gida ga tsofaffin sojoji

Tambaya: Ni Samanja ne a rundunar sojan ƙasa. Shekarata 33 a aiki, saura biyu in ajiye kaki, kuma shekaruna 54 da haihuwa. Tun ina kurtu nake zaune a bariki. Matana biyu, 'ya'ya tara, ba ni da ko fegi. Wani dillali ya nuna mini gida mai ɗaki huɗu a bayan garin Kaduna, naira miliyan 18. Wasu abokan aiki sun ce in ci bashin banki yanzu, wasu sun ce in jira giratuti. Wanne zan bi?

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya sa a gama lafiya. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi: bashin gida ya fi yi wa soja sauƙi yana da sauran shekaru masu yawa a gaba. Kai kuwa la'asar ta yi, don haka lissafinka daban ne da na kofur mai shekara talatin.

Bashin da ya fi araha a Najeriya shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Ana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata, wanda ya yi wata shida yana zubi kuma zai iya neman bashi a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har shekara 30. To amma shekara 30 ɗin ta matasa ce. Ana yanke wa'adi ne bisa shekarun mutum da abin da ya rage masa na aiki, galibi kuma ba a son bashi ya tsallake shekara 60. Ɗauki biro mu lissafa. Miliyan 10 a shekara 30, wajen dubu 60 ne a wata. Miliyan 10 ɗin nan a shekara shida, wato mafi tsawon abin da za ka iya sa rai, ya kai dubu 166. In ka bi bankin kasuwa ya ba ka a kan kashi 25, ko da ya yarda da shekara goma, za ka riƙa biyan wajen dubu 227 duk wata. Ƙa'idar asusun ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu. Ni kuma na ƙara maka tawa: da fansho za ka auna, ba da albashin yau ba, domin alawus-alawus da kaki suke tafiya.

Gobe da safe ka shiga ofishin biyan albashi ka karɓi takardar albashinka ta wata shida, ka duba abin da ake cira. In ana cirar NHF, ka nemi lambarka da jimillar abin da ka tara, don wanda ya cika shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa yana da haƙƙin a mayar masa da zubinsa. Ka kuma tambayi matsayinka a kamfanin gidajen bayan ritaya na sojan ƙasa, PHDL, mai rukunin gidaje a Kurudu ta Abuja, da shirin AHOOAS da aka ƙaddamar zamanin marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja don ƙananan sojoji su mallaki gida. Amsar a rubuce nake so ka karɓa, ba ta baki a mes, wurin shaƙatawar sojoji, ba. Sannan kada wani ya ruɗe ka da zancen cirar kashi 25 daga asusun fansho a yi kafin alƙalamin gida. Wannan damar da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe a 2022 ta masu fanshon zubi ce. Sojoji ba sa cikin tsarin, naku yana hannun Hukumar Fanshon Soja.

Da ni ne kai, gidan miliyan 18 ɗin nan zan bar shi. Zan nemi fuloti mai takarda yanzu da abin da ke hannuna, in zuba harsashin gida babba, amma ɗaki uku da banɗaki da katanga kawai zan fara tayarwa. Kafin giratuti ya sauka na kai linta, in ya zo sai kwano da ƙofofi da filasta. Daidai ruwa daidai tsaki. Giratuti sau ɗaya ake biyansa a rayuwa, kuma ranar da ya shigo za ka ga 'yan uwan da rabonka da su tun bikin fitarka daga defo a Zariya. Ka ware kuɗin hayar shekara guda a gefe tun yanzu, don ba lallai ranar barin bariki da ranar shigowar kuɗi su haɗu ba.

In kuma zuciyarka ta kafe kan wancan gidan, to takarda kafin ciniki. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar birni amana ce a hannun gwamna, kuma cinikin gida mai takardar mallaka, wato C of O, ba ya kammala sai da sahalewarsa. Takardar mai unguwa da sa hannun shaidu uku tana da amfaninta, amma banki ba ya jingina da ita. Ka biya lauya ya kai lambar fayil hukumar filaye ta jihar Kaduna, KADGIS, ya duba sunan wa ke kai, da ko an taɓa jinginar da gidan. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har da matan da ke gidan aure a wani gari. Dillali zai ce maka, "Oga, akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe." Ka ce Allah ya sanya wa Alhaji alheri. Ka koma unguwar kai kaɗai, ba kaki, bayan an tafka ruwan Agusta, ka duƙa ka dubi gindin katanga. In ka ga layin danshi ya kai gwiwa, ko fenti sabo daga ƙasa zuwa ƙugu alhali sama tsoho ne, ka san abin da ake rufewa. Daga nan ka zauna wurin mai shayi ka sha kofi guda, zai gaya maka abin da lauya ba zai gani a fayil ba.

Tambaya: Mijina Saje ne mai ritaya. Ya rantse ba zai taɓa bashi mai ruwa ba, mu kuma haya ta ishe mu a Kano. Akwai wata hanya?

Amsa: Hajiya, kada ki matsa wa maigida ya karya rantsuwarsa, akwai ƙofa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna nan: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Irin waɗannan bankuna kan sayi gidan su sayar wa mutum da ribar da aka yanke tun farko, ko su ba shi haya yana biya har gidan ya zama nasa, ko a yi tarayya yana sayen kason banki kaɗan-kaɗan. Sai dai ki sani, rashin ruwa ba ya nufin araha. Su ma za su nemi kafin alƙalami mai kauri, za su dubi shekarunsa da ƙarfin fanshonsa, wa'adinsu kuma bai kai na asusun gwamnati tsawo ba. Ku tambaye su abu biyu, su rubuta: nawa ne jimillar abin da za ku biya daga farko har ƙarshe, kuma me zai faru in fansho ya makara wata biyu? Sannan ku kai takardar yarjejeniyar wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin ya sa hannu.

Tambaya: Daga zangon Kumasi nake rubutowa. Ɗana ya yi shekara huɗu a sojan Amurka, yanzu yana Texas. An ce gwamnatinsu na ba tsofaffin sojoji bashin gida ba ko sisin kafin alƙalami. Zai iya karɓa ya gina mana a nan?

Amsa: Baba, rabin labarin gaskiya ne. Tun 1944 Amurka ke da wannan tsari, yanzu yana hannun ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA. Galibi ba ita ke ba da kuɗin ba, banki ke bayarwa, ita kuma ta tsaya wa sojan a kan wani kaso, shi ya sa ake iya saye ba kafin alƙalami, ba kuma inshorar bashi ta wata-wata. Akwai kuɗin da ake caja sau ɗaya, kashi 2.15 cikin ɗari ga mai karɓa karon farko bai ajiye komai ba, wato dala 6,450 a gidan dala dubu 300. Wanda ake biya diyyar rauni ko ciwon da ya samu a bakin aiki an yafe masa wannan. Bashin kuma mai ruwa ne, ya san da haka.

Amma ginin Kumasi ba ya ciki. Dole gidan ya kasance a ƙasar Amurka, kuma shi da kansa zai zauna a ciki, galibi cikin kwana 60 da kammala ciniki. Abin da zai iya, in yana son taimaka muku, shi ne ya sayi gida mai sassa biyu zuwa huɗu, wanda tsarin ya yarda da shi, ya zauna a ɗaya ya ba da sauran haya. In hayar ta rage masa nauyin biyan wata, abin da ya saura a albashinsa sai ya riƙa aiko muku kuna sayen bulo. Ka ce masa da kanka a waya, ya fara nemo takardar sallamarsa ta DD-214, da ita zai nemi shaidar cancanta, kuma ya ji farashin bankuna uku kafin ya zaɓi ɗaya.