Ɓarayi sun sari ƙanena a wurin gadi, ina za mu nemi diyya?

Malam, Allah ya ba shi lafiya. Tunda a bakin aiki aka sare shi, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafe shi, ko da ba a kama ɓarayin ba. Hukumar NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da asusun diyyar ma'aikata, ce ke biya, daga kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da kamfani ke zubawa.

Ku sanar da kamfanin a rubuce cikin kwana 14, ku riƙe kwafi mai hatimi. Su kuma kwana 7 gare su su kai wa NSITF rahoto. A nan ake yawan samun cikas, domin kamfanin da bai yi rajista ba zai so a rufe maganar da ɗan kuɗin magani. Kada ku sa hannu a kowace takardar yafewa. Ku je ofishin hukumar da rahoton 'yan sanda, na likita, rasitan asibiti da takardar albashi, kafin a cika shekara da faruwar abin.

In raunin ya nakasa shi gaba ɗaya har abada, doka ta tanadi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. In aka hana, akwai ɗaukaka ƙara har Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.