Filin Tambaya da Amsa: Likitanci Na Nema Sun Ba Ni Kiwon Lafiyar Al'umma, In Karɓa Ko In Jira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Shekara biyu kenan ina rubuta JAMB ina neman likitanci ban samu ba, bana kuma sai makaranta ta canza min kwas zuwa kiwon lafiyar al'umma, wanda ake cewa fablik helt. Baba ya ce in karɓa kawai tunda duk aikin asibiti ne, yayana kuma ya ce ɓata lokaci ne babu aiki, ƙarshenta in ƙare a ɗiga wa yara maganin shan inna gida-gida. Wallahi Anti kaina ya kulle, ban ma san me ake koyarwa a ciki ba. In na gama zan iya duba marasa lafiya? Kuma akwai aiki? Dan Allah ki ba ni shawara kafin a rufe rajista. Daga 'yarki a Azare.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, mun gode Allah, Allah ya yi miki albarka. Bari in fara da wadda na san ita ta fi tsaya miki a rai, kuma ba zan ɓoye miki ba: a'a, wannan digirin ba zai ba ki damar duba mara lafiya ki rubuta masa magani ba. Likita hukumar MDCN ce ke ba shi lasisi, nas da ungozoma suna da tasu majalisar, su ma ma'aikatan lafiya na karkara irin su CHEW da CHO suna da tasu hukumar, to digirin kiwon lafiyar al'umma shi kaɗai bai sa ki cikin ko ɗaya daga waɗannan ba. Saboda haka maganar Baba ta cewa duk aikin asibiti ne, ki zauna da shi cikin ladabi ki fahimtar da shi tun yanzu, kar sai bayan shekara huɗu dangi sun fara kawo miki takardar gwajin jini ki rasa bakin magana, ko kunya ta sa ki fara yi wa mutane allura a gida, wannan haɗari ne gare su da ke kanki.

Toh mene ne aikin naku? Kin ga likita mutum ɗaya ne a gabansa, ke kuma unguwa guda ce majinyacinki, wani lokacin ma ƙaramar hukuma sukutum. Ki tuna kwalarar da ta addabi jihar nan tamu ta Bauchi a 2021, lokacin da ake ta kwasar mutane zuwa asibiti da amai da gudawa. Likita da nas suna can suna sa ruwa suna ceto rai, Allah ya saka musu, amma dole a samu wanda zai ɗauki takarda ya tambaya, mutanen nan daga wace unguwa suke fitowa, wace rijiya suke sha, a ina 'yan garuwa ke ɗebo ruwan da suke sayar musu, masai nawa ne aka haƙa dab da rijiya? In babu wannan mutumin to a sallami goma yau gobe ashirin su shigo. Ai daga irin wannan tambayar ilimin ya samo tushe, a 1854 wani likita John Snow a Landan ya bi gidajen da kwalara ta kashe mutane ya gano famfo ɗaya suke sha, aka cire hannun famfon. Haka a Zamfara a 2010 da yara sama da 400 suka rasu, bin diddigi ne ya nuna gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma bayan maganin da aka ba yaran sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka kwashe. Ko nan maƙwabtanmu Kaltungo, asibitin saran maciji yana maganin wanda kububuwa ta sara, amma wanda zai zauna ya lissafa a wane wata aka fi sara, a wace gona, ya shawo kan manoma su riƙa sa takalmin roba, to irin aikinku ne. Zazzaɓin Lassa da jiharmu ke cikin waɗanda suka fi fama da shi, sanƙarau lokacin zafi, mashaƙo, ƙyanda, tamowa, mata masu rasuwa wajen haihuwa saboda ba a je awo ba, duk fagenku ne.

Maganar yayanki kuwa ta ɗan sosa min rai, ki gaishe shi ki ce in ji ni ya daina raina ɗigon nan. Mu mun taso mun ga yaran da shan inna ta nakasa a kusan kowace unguwa. A 2003 aka ƙaurace wa rigakafin a wasu jihohin Arewa cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, aka sha wahala sosai kafin a dawo da yardar mutane, sai da sarakuna da malamai suka shigo ciki, kuma ɗan jiharmu Farfesa Muhammad Ali Pate na Misau yana cikin waɗanda suka ja ragamar wannan aikin lokacin da ya riƙe hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa daga 2008 zuwa 2011. A Borno aka ga yaro na ƙarshe da ya kamu a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Matan nan masu yawo da akwatin sanyi cikin rana da waɗanda ke bayansu suna lissafin yaran kowace mazaɓa suna tabbatar da maganin bai lalace a hanya ba, su suka yi wannan aikin, babu tiyatar da za ta iya yin sa.

Karatun shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta JAMB. Shekarar farko bayoloji ne da kemistiri da fiziks da lissafi kamar sauran 'yan kimiyya, daga nan a ɗan taɓa miki sanin jikin ɗan Adam da ƙwayoyin cuta, sai a shiga ainihin abin, wato ilimin yadda cuta ke yaɗuwa a cikin jama'a, da ƙididdiga, da tsaftar muhalli irin ta duba-gari, abinci mai gina jiki, lafiyar mata da yara, lafiyar ma'aikata a wurin aiki, wayar da kan jama'a, da yadda ake tafiyar da harkar lafiya da kuɗinta, sannan a tura ku ƙauye ko asibitin matakin farko ku ga zahiri kafin furojet. Ki lura da ƙididdigar nan da kyau, yawancin ɗalibai gudunta suke su haddace su wuce, alhali ita ce ƙashin bayan kwas ɗin kuma ita ke kawo aiki.

Aiki akwai, amma ba zan ce miki yana nan yana jiran ki ba. Ma'aikatar lafiya ta jiha, hukumar lafiya matakin farko, hukumar NCDC mai yaƙi da annoba, sashen sa ido kan cututtuka da ke kowace ƙaramar hukuma, ga UNICEF da ke da ofis a nan Bauchi, ga WHO da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Sai dai masu neman sun yi yawa, manyan kujeru kuma sau da yawa likitoci ne da nas-nas da suka ƙaro digiri na biyu a fannin ke hawa, aikin ƙungiyoyi kuwa na kwantiragi ne yana tafiya da kuɗin masu ba da tallafi, kin dai ga yadda mutane da yawa suka zauna a gida a 2025 da Amurka ta janye tallafinta. Shi ya sa nake ce wa duk wanda ya shiga kwas ɗin nan kar ya fito da takarda zalla. Ki nemi kwamfuta ko ta hannu ce, ki iya Excel sosai, ki koyi manhajar ƙididdiga irin su SPSS ko Epi Info, ki iya tattara bayanai a waya da manhajar Kobo, ki san manhajar DHIS2 da gwamnati ke shigar da rahoton asibitoci a ciki, ki iya rubuta rahoto mai ma'ana da Turanci. Duk hutu ki kai kanki asibitin matakin farko na unguwarku ki ce kin zo taimakawa, ranar awo ko ranar rigakafi, ki shiga rabon gidan sauro da maganin zazzaɓin damina na yara, a nan ake sanin mutum kuma a nan za ki gane ko aikin ya kwanta miki. Kuma kina da abin da da yawa ba su da shi, ke mace ce za ki shiga gidan da aka rubuta ba shiga ki zauna kan tabarma da matan gida ku yi magana da harshensu, in kina jin Fulatanci ma to kin ƙara daraja.

Shawarata dai, ki fara tabbatar da cewa hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin a makarantar da ta ba ki, ki yi istihara, sannan ki tambayi zuciyarki tsakani da Allah. In abin da kike so a duniya shi ne hannunki ya taɓa mara lafiya, to ki nemi aikin jinya ko ungozoma ko ki sake gwada JAMB sau ɗaya, kar ki shiga nan da niyyar ta bayan gida za ki zama likita, za ki yi shekara huɗu kina jin kamar an cuce ki. In kuwa da kike karanta maganar rijiyar nan kin ji wani abu ya motsa a ranki, to 'yata ki je ki yi rajista, shekara biyu a gida ta isa haka.

TAMBAYA: Salam Anti, ni CHEW ne ina aiki a wani ƙauye a Dukku shekara takwas kenan, ga iyali, shin wannan digirin zai amfane ni ko in haƙura? Daga ƙaninki a Gombe.

AMSA: Wa alaikas salam ƙanena, sannu da ƙoƙari, kai kam zai amfane ka fiye da kowa, don kana da lasisi a hannu kuma ka san mutane ka san damina a ƙauye, abin da ya rage maka shi ne ilimin tsara aiki da karanta alƙaluman da kake turawa sama duk wata. Ka bincika shiga kai tsaye zuwa aji biyu da takardunka, in kuma barin aiki ba zai yiwu ba jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana yin kwas ɗin kuma tana da cibiya a Gombe da Bauchi. Kafin ka biya ko sisi ka je wurin masu kula da ma'aikata ka ji yadda za a lissafa maka digirin wajen ƙarin girma, ka karɓi izinin karatu a rubuce ba da baki ba, kuma kar ka bar lasisinka ya mutu kana makaranta, ka riƙa sabunta shi a kan lokaci.