Tambaya da Amsa: A ɗora wa motocin baƙi kuɗin hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jibiya ne. Kullum manyan motoci masu lambar ƙasashen waje suna ratsa garinmu, kwalta sai farfashewa take, gyara kuma da kuɗin ƙasarmu. Me zai hana a sa musu haraji su kaɗai? An ce har Turawa suna yi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na sha bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi, kuma na san abin da ke maka ciwo.

Turawan sun gwada. Jamus ta shirya kuɗin hanya ga ƙananan motoci, kowa ya biya, amma ɗan ƙasa a rage masa harajin motarsa daidai da abin da ya biya. Ka ga ke nan baƙo kaɗai zai ji a jikinsa. Ostiriya ta kai ƙara, kuma a watan Yunin 2019 Kotun Tarayyar Turai ta ce wannan wariya ce. Shirin ya rushe ba a karɓi ko sisi ba, daga baya gwamnati ta biya kamfanonin da ta ba kwangilar diyyar Yuro miliyan 243.

Tsarin da ya ɗore shi ne wanda bai duba lambar mota ba. Tun 2005 Jamus take cajin manyan motoci gwargwadon kilomitan da suka ci, na gida da na waje duk ɗaya. A Suwizalan kuwa, duk mai hawa babbar hanya da ƙaramar mota sai ya sayi sitikar shekara ta faran 40, kuɗin ƙasarsu.

Abin da nake so ka riƙe: lodi ne ke kashe kwalta. Injiniyoyi sun auna, in nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka biyu, ɓarnar tana ninkawa kusan sau 16. To tirelar siminti mai lambar Kano da aka yi wa lodin ganganci ta fi motar Maraɗi mai lodi daidai ɓarna nesa ba kusa ba. Wa za ka kama?

Sannan ka tuna da namu direbobin da ke tsallakawa Nijar ta garin Ɗan Isa. Ranar da muka ware baƙo, washegari can ma za a ware mu, kuɗin kuma a kan buhun wake da ragon layya zai sauka.

Ni ina goyon bayan a biya, kuma tun da aka rushe tolget a zamanin Obasanjo nake ganin an yi gaggawa. Amma a kafa ma'aunin nauyi a bakin iyaka, kowa ya hau, a yanka masa gwargwadon lodinsa, a ba shi rasit, kuɗin ya shiga asusun gyaran wannan hanyar da ke ƙofar gidanku.