Tambaya da Amsa: Girkin Biki, Wayar Hannu da Laburare

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ni da nake aiki a teburin karɓar masu karatu a laburare, ba sai na duba kalanda nake gane biki ya ƙarato ba. Littattafan girki ne ke fara ƙarewa a kanta, sai kuma a yi ta shigowa da waya a hannu ana cewa, "Don Allah nuna min yadda ake yin kaza." Wasiƙun wannan makon ma can suka nufa, na zaɓo huɗu.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Bana ni aka ɗora wa girkin biki a gidanmu, kuma baki zai kai 25. Bara da na taya yayata na ga yadda abin ya rikice. Sau uku aka koma kasuwa saboda mantuwa, kuma abinci bai sauka ba sai da wasu baƙin suka fara sallama. An ce akwai manhajojin waya da ke tsara wa mutum komai. Wacce zan sauke?

AMSA: Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Abu biyu ne ya same ku bara, mantuwar cefane da rikicewar lokaci, kuma kowanne da maganinsa. Waya ta iya na farkon sosai. Na biyun kuwa sai kin kama mata.

Idan jerin cefane kawai kike so, Google Keep ta ishe ki, kuma kyauta ce. Ki buɗe jeri mai akwatunan dannawa, ki saka yayarki da duk wanda zai je kasuwa a ciki. Abin da aka saya aka danna, sai ya sauka ƙasa a wayar kowa, matuƙar akwai data. Da wannan kaɗai an daina sayen abu sau biyu, an daina "ai na ɗauka ke kika saya". Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai kowane hannu ya san gefen da zai riƙe. AnyList ma haka take aiki, ta ƙara da cewa tana ware kaya da kanta, kayan miya gefe, nama gefe, kayan gwangwani gefe, don kada mai cefane ya yi ta kai da komowa.

Idan kuma kina son wadda za ta riƙe miki har da yadda ake girkin, ni Paprika na fi yarda da ita, ko da yake sayenta ake yi. Kin ga girkin da ya burge ki a intanet, sai ta tsamo miki kayan haɗi da matakai ta bar surutun da tallan. Daga nan ki jera girke-girken a kalandarta, ta tattara kayan haɗinsu duka a jeri guda. Akwai Mealime da ake yawan yabo, amma an gina ta ne don abincin yau da kullum na mutum kaɗan. Ba zan ba ki ita don baki 25 ba.

To sai maganar lokaci, kuma nan ne nake so ki natsu. Babu manhajar da ta san murhu nawa gare ki, ko girman tukunyarki, ko cewa tukunya ɗaya ce za ta yi aiki biyu. Ki ɗauki takarda ki fara daga ƙarshe. A ce ƙarfe 2 za a zuba abinci. Girkin da ke cin awa ɗaya da rabi dole ya hau wuta kafin 12:30, ki ƙara minti 20 na ko-ta-kwana. Ki ja layi ɗaya ga kowane murhu, ki rubuta abin da zai hau da lokacin da zai sauka. Nan take za ki ga inda abu uku ke son wuta ɗaya a lokaci ɗaya, sai ki mayar da wanda zai iya kwana zuwa jajibiri. Idan takardar ta zauna, sai ki juye ta cikin waya, ƙararrawa ɗaya ga kowane mataki, kowacce da sunanta: "ɗora ruwa", "fito da nama", "kunna tanda". Kada ki manta da narkar da abin da ke a daskare. A cikin firij, babban nama yana cin kamar awa 24 ga kowane kilo 2, don haka ƙararrawar wannan kwana biyu ko uku kafin biki za ta buga.

Akwai wani maɓalli da nake so ki yi hattara da shi, na ninka awo. Wata shekara na ɗauki girkin mutum 4 na ce wa wata manhaja ta mayar min na 24. Ta ninka komai sau shida, gishiri ƙaramin cokali 2 ya koma 12, ni kuma na juye duka a lokaci guda. Tukunyar mai faɗi ce, ruwan ya yi ta tsotsewa, da na ɗanɗana sai da gabana ya faɗi. Saura awa ɗaya baƙi su zo, haka na tsaya ina raba tukunya biyu ina ƙara ruwa da kayan haɗi, ranar ban zauna da baƙi ba. Manhajar lissafinta daidai ne, harshe ne ba ta da shi. Tun daga ranar, gishiri da yaji da duk wani abu mai ƙarfi nakan fara da kamar kashi biyu cikin uku na abin da lissafi ya bayar, in ɗanɗana, in ƙara. Lokacin dahuwa ma ba ya ninkuwa yadda awo ke ninkuwa. Abin da ake gasawa da fulawa kuwa, gara ki yi shi zubi biyu ko uku da ki kwaɓa na mutum 24 a kwano ɗaya.

A ranar girkin, ki saka wayar cikin leda mai garai-garai, ko ki buga tsarin a takarda ki manna a bango. Hannun da ya taɓa ɗanyen nama bai kamata ya koma kan allon waya ba.

TAMBAYA: Malama, ni matsalata ragowar abinci ne bayan biki. Akwai manhajar da za ta gaya min wanda zan ajiye da wanda zan zubar?

AMSA: Akwai, 'yar uwa. Sunanta FoodKeeper, ma'aikatar noma ta Amurka ce ta fitar da ita a 2015 tare da Jami'ar Cornell, kuma kyauta ce. Amma ƙa'idodin ba su da yawa, kina iya riƙe su a kai. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, awa 1. A firij mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, yawancin ragowa kwana 3 zuwa 4 ne. Idan za a ɗumama, ya yi zafi har ciki, digiri 74. Ki riƙa zuba shi a ƙananan mazubai marasa zurfi don ya yi saurin hucewa, domin tsakiyar babbar tukunya yakan daɗe da ɗumi ko an saka ta a firij. Dafaffiyar shinkafa ta fi buƙatar gaggawa, saboda akwai ƙwayar cutar da ke tsallake dahuwa, kuma gubar da take saki idan an bar shinkafar a waje ɗumame ba ya kashe ta. Ki rubuta kwanan wata a jikin kowane mazubi, kada ki dogara da sunsunawa.

TAMBAYA: Anti, ɗana ya ce da katin laburare zan iya aron littafin girki a wayata ba tare da na taka ƙafa na je ba. Da gaske ne, ko sai an biya?

AMSA: Da gaske ne, Mama, amma da sharaɗi: sai laburaren da ya ba ki katin ya shiga tsarin. Manhajar da ta fi yaɗuwa ita ce Libby, ta kamfanin OverDrive, wadda ta fito a 2017. Za ki sauke ta, ki nemo sunan laburarenku, ki saka lambar katinki, shi ke nan. Ke ba za ki biya ba, laburaren ne ke sayen lasisin littattafan. Idan wa'adi ya cika, yawanci kwana 7, 14 ko 21, littafin da kansa yake komawa, babu tara.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne layi. Sukan ce min, "Littafin da ba na takarda ba, ta yaya wani zai riga ni?" Dalili kuwa yawancin lasisin kwafi ɗaya ne ga mai karatu ɗaya a lokaci guda, kamar dai na kan kanta. Daf da biki kowa littafin girki yake nema, don haka ki kama layi tun da saura makonni. Wasu laburarorin suna da Hoopla, wadda yawancin kayanta ba a jira, sai dai akwai iyakar abin da za a ara a wata.

Idan laburarenku bai da ko ɗaya, kada ki ce ba shi da amfani. Ki je ki tambayi abin da yake da shi, domin da yawa suna da kwamfuta da intanet da na'urar buga takarda, wasu ma har ma'aikacin da zai zauna da ke ya saita miki waya. A laburaren da ke bin tsarin Dewey na jera littattafai da lambobi, ki nufi lamba 641.5, nan girke-girke suke, na bukukuwa kuma a 641.568. Ni a nawa ganin, littafin girki na takarda ya fi daɗin bi a kicin, domin a ƙaramin allo kayan haɗi suna sama, matakai suna can ƙasa, ki yi ta ja da jiƙaƙƙen yatsa.

TAMBAYA: Malama, mahaifiyarmu ta rasu ta bar wani littafi da ta rubuta girke-girkenta da hannu. Duk biki shi 'yan uwana mata ke buɗewa. Yanzu takardun sun fara zubewa, rubutun fensir ɗin yana dusashewa. Ni ne babba, ina so in juye shi cikin wata manhaja kowa ya samu. Me za ki ce?

AMSA: Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta. Malam, ka yi tunani mai kyau, amma ina roƙonka kada manhaja ta zama ita kaɗai ce ma'ajiyarsa. Manhajoji suna mutuwa. Wunderlist da miliyoyin mutane suka zuba jerin ayyukansu a ciki an rufe ta a 2020. Yummly, da ta yi suna wajen girke-girke, an rufe ta a ƙarshen 2024. Duk wadda za ka zaɓa, ka fara dubawa ko tana bari a fitar da abin da aka zuba mata zuwa fayil.

Ka fara da ɗaukar hoton shafukan. Idan laburaren da ke kusa da kai yana da na'urar sikana, ka ce a saita ta a kan ɗigo 300 a kowane inci, kuma mai launi, ko da rubutun baƙi ne. Launin ne ke fito da fensir ɗin da ya dusashe, shi ne kuma ke riƙe tabon mai da ɗan gyaran da ta yi a gefen shafi, waɗanda jikokinta za su so gani. A ɗora shafi ɗaya-ɗaya a kan gilashi, kada a bi da tsohuwar takarda ta bakin da ke zuƙar takardu. Kada kuma ka yarda a like shafukan cikin leda da zafi, domin idan an yi ba ya warwaruwa. Ka tafi da filashinka, ka kwashe fayil ɗin, ka goge shi daga kwamfutar laburaren, ka fita daga imel ɗinka kafin ka tashi. Kwafi ɗaya a wajenka, ɗaya a ma'ajiyar intanet, ɗaya a hannun wata ƙanwarka.

Sai aikin da na fi so ka ba lokaci, wato buga girke-girken. Manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto sukan yi tuntuɓe a rubutun hannu, musamman wajen lambobi, rabin cokali da aka rubuta 1/2 ya koma cokali 12. Ka zauna da wadda ta fi daɗewa a kicin tare da Mama, ita tana karantawa kai kana bugawa. Za ku iske wurare da aka rubuta "hannu ɗaya" ko "kofin nan" ko "har sai ya yi". Wannan 'yar uwar taka ce ta san wane kofi ake nufi. Ku nemo shi idan yana nan, ku auna abin da yake ci, ku rubuta adadin a ƙasa, amma ku bar kalmar Mama yadda ta rubuta ta. Ainihin littafin kuma a saka shi a kwali mai tsabta, nesa da danshi da hasken rana, a riƙa shiga kicin da wanda aka buga.