Filin Tambaya da Amsa: Sun haddace nahawu, insha'i ya gagara

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar. Biyu daga malamai ne, ɗaya daga wani uba, kuma duk a kan yaran sakandare suke magana.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni sabuwar malama ce, ina koyar da Hausa a aji huɗu na sakandare, ɗalibaina sun haura 80. Sun haddace ma'anar suna da aikatau da sifa da bayanau, a gwaji kuma suna cin maki mai kyau. Amma da na ba su insha'i sai in rasa inda zan sa kaina: ba aya, ba waƙafi, ba sakin layi. Nakan raba dare ina gyara da jan biro, mako na zagayowa su maimaita kuskuren nan dai. Ina gizo ke saƙa? Daga wata malama.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa aiki albarka. Kafin komai, ki sassauta wa jan biron nan. Yaron da aka miƙa wa takardarsa ta yi ja wur, makin da ke sama kawai yake dubawa, daga nan ya ninke ta ya cusa a jaka. Gyaran da kika hana idonki barci a kansa, ke kaɗai kika karanta shi.

Yaranki sun san nahawun Hausa tun kafin su zo ajinki, a bakinsu yake. Gwada ki gani. Gobe ki rubuta a allo, "Yaran da sun zo jiya sun tafi." Kafin ki ajiye alli za ki ji ana cewa, "Malama, suka zo ne." Sai ki rubuta, "Na saya littafi." Za su gyara miki: na sayi littafi, na saye shi, ga littafin da na saya. Wannan sauyin wasalin ƙarshe yana cikin abin da masanin harshe F. W. Parsons ya tsara a 1960, lokacin da ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai, wato rukuni bakwai, kuma har yau ɗaliban jami'a suna gumi a kansa. Ɗan shekara 15 da bai taɓa jin sunan Parsons ba yana aiki da shi daidai kullum. Saboda haka ki juya darasin. Jimla ta fara zuwa, su auna ta da kunne, su yi gardama, ki tambaye su me ya sa wannan ta zauna waccan ta ƙi zama. Sunan abin, ko lamiri ne ko dirka ko nasaba, a mintocin ƙarshe za ki ba su shi, bayan sun riga sun kama abin da ake sa wa sunan. Jarrabawa tana tambayar waɗannan sunaye, don haka ban ce a watsar da su ba.

Abin da ba su da shi ƙa'idojin rubutu ne, kuma wannan baki ba ya koyar da shi. A takardun da suka ratsa hannuna, rabawa da haɗe kalmomi shi ya fi kayar da yara. Suna rubuta "shine" da "zaka" da "ya na" da "gidan sa", alhali daidai shi ne "shi ne", "za ka", "yana", "gidansa". Kada ki ba su jerin doka su haddace. Ki tambaye su ko akwai mai rubuta "malamne" a haɗe. Za su ce babu. To don me "shi ne" za a manne? Sannan ki ɗora musu jimloli biyu gefe da gefe, "Rigar ta yage" da "Rigarta ta yage", su faɗa miki wace "ta" ce ta mallaka, wace ce ke jan aikatau. Idan suka gano wannan da kansu, ba ya barin kansu.

Baƙaƙe masu lanƙwasa kuwa, wato ɓ da ɗ da ƙ, dariya ce maganinsu. Ki sa wani ya karanta abin da ya rubuta daidai yadda ya rubuta shi. Wanda ya so ya ce baƙi sun zo, ya bar ƙ ɗinsa tsirara, zai ji kansa yana cewa baki sun zo. Mai son cewa ƙasa ya ce kasa. Tun shekarun 1930 waɗannan haruffa suke cikin bugun Hausa, kuma wayoyin yanzu suna da madannin Hausa ga mai son saukewa, saboda haka uzurin "babu shi a waya" ya ƙare.

Aya ma da murya nake koyar da ita. Nakan ta da mai takarda in ce ya karanta mana, da sharaɗi ɗaya: ba zai ja numfashi ba sai inda ya sa aya. Akwai wani dogon yaro mai zama a bencin baya da ya cika shafi guda ba ɗigo ko ɗaya. Ya fara karatu da ƙarfinsa, a layi na huɗu murya ta fara shaƙewa, jijiyar wuya ta tashi, a na shida ya tsaya yana haki, aji ya kwashe da dariya har da shi kansa. Ban ce masa komai ba. Ya koma ya zauna, ya ɗauki biro yana motsa leɓe, duk inda numfashi ya tsaya ya ɗiga. Ki dai san wanda za ki tayar. Mai kunya da za a yi wa dariya ya ƙi sake rubutu, a teburinki za ku yi wannan ku biyu.

Batun yawan takardu, ga yadda nake yi. Ƙa'ida ɗaya a mako, kuma ita kaɗai nake dubawa, sauran kurakurai in kau da kai sai makonsu ya zo. Ba na gyara kalmar. Ɗan ɗigo nake sawa a gefen layin da kuskure yake, mai takarda ya nemo shi da kansa, idan ya kasa maƙwabcinsa ya taya shi. Maki kuwa a kan kwafi na biyu nake bayarwa, wanda aka sake rubutawa bayan gyara. Layi biyar kullum ya fi shafi biyu sau ɗaya a zango. Kuma ki raba su da "Yadda na yi hutuna", sun gaji da shi tun firamare. Ki ce su rubuta ranar da aka ɗora musu laifin da ba su yi ba, ko wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta kan doka ɗaya da suke ganin ba ta da adalci. Matashi yana da abin faɗa a kan zalunci, za ki sha mamakin tsawon abin da zai kawo.

Wani abu kuma. Idan yaro ya rubuta "shina zuwa" a maimakon "yana zuwa", kada ki ce masa Hausarsa ba daidai ba ce. Karin harshen gidansu ne, kuma Hausa ce gangariya. Ki gaya masa takarda da jarrabawa Daidaitacciyar Hausa suke so. In da hali ki ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006, a kan tebur, duk gardamar da ta tashi a tura mai gardamar ya buɗa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Adabi nake koyarwa. Ɗalibaina ba sa karanta littafin da aka sa a manhaja, taƙaitawa suke nema su haddace jigo da salo da sunan tauraro. Ranar waƙa kuwa rabin aji gyangyaɗi yake. Na yi faɗa har na gaji. Daga wani malami.

AMSA: Malam, barkanmu dai. Zan yi maka tambayar da ƙila ba za ta yi daɗi ba: yaushe rabonka da ka karanta musu littafin da bakinka? Yawancinmu mun saba mu shiga aji mu rubuta "Jigo" a allo mu ja layi, mu yi ta shifta, yara su kwafe. Mu muka nuna musu cewa taƙaitawar ita ce adabin, su kuma suka ɗauke mu da gaske.

Ka ware minti goma na farkon darasi ka karanta musu da murya, kana sauya harshe yadda kowane mutum a labarin zai yi magana. Ka tsaya a daidai inda aka ɗaure wani, ko inda alƙali zai yanke hukunci, ka rufe littafin. Za su yi ƙorafi. Ka bar su da ƙorafinsu, kafin gobe wasu sun aro littafin sun wuce ka. Idan Ruwan Bagaja kuke yi, ka raba aji biyu, a gurfanar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe, a ga wa ya fi cutar wani, amma duk mai magana sai ya kawo shafin da ya dogara da shi. Idan Shaihu Umar ne, ka tambaye su labarin wa ya fi tsaya musu a rai, na Umar ko na mahaifiyarsa da ta bi sahunsa har ita ma ta faɗa bauta. Abin da za su yi ta ja-in-ja a kai shi ne jigon, sai ka ba shi sunansa daga baya.

Akwai kuma abin da nake gaya wa ɗalibai wanda ke sa su gyara zama. Waɗannan littattafai daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 suka fito, kuma lokacin Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, yana da shekara 22, Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, bai ma kai haka ba. Yara suna zaton tsofaffi masu furfura ne suka rubuta su. Da suka ji samari ne da ba su fi yayyensu ba, kallon da suke yi wa littafin yakan sauya.

Gyangyaɗin ranar waƙa kuwa ba laifin yara ba ne. Rubutacciyar waƙar Hausa don a rera ta aka yi. Aliyu Namangi, mai Infiraji, makaho ne, da kunne ya auna baitocinsa. Rubutun boko kuma ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka wanda ya kalli baiti a takarda shiru bai ga rabin abin da ke cikinsa ba. Ka rera, ko muryarka ba ta da daɗi. Idan ka ji nauyi, a kowane aji ba a rasa mai murya, ka ba shi. Sai su tafa, gaɓa mai nauyi da ƙarfi, marar nauyi a hankali, har su ji karin yana maimaita kansa ɗango bayan ɗango. Amsa-amo ba ya bukatar dogon bayani: ka rera baiti ka yi shiru kafin kalmar ƙarshe, su cike. Daga nan kowa ya tsara ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, guda uku a kan abin da ya ga dama. Da yawa za su fito a karye, ba komai. Wanda ya yi fama da neman kalmar da za ta ƙare da "ba" ko "ya" sau uku a jere, shi ke gane aikin da Aƙilu Aliyu ko Sa'adu Zungur suka yi.

TAMBAYA: Malam, 'yata tana aji biyar. Kullum tana kan waya tana karanta littattafan soyayya, idan ta turo mini saƙo kuma sai in ga "slm", "ykk", "xan xo". Ina tunanin in karɓe wayar in hana ta karatun nan. Me ka gani? Daga wani uba.

AMSA: Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Abin da yarinya ke karantawa haƙƙinka ne ka sani, kuma a cikin labaran da ke yawo a waya akwai waɗanda ba su dace da shekarunta ba, musamman da yake babu editan da ya duba su. Amma yarinyar da ke karatu don ra'ayin kanta tana da abin da malamai biyun da ke sama suke nema ruwa a jallo a wajen ɗalibansu. Idan ka hana gaba ɗaya, ko dai ta koma yi a ɓoye, ko ta bar karatun duka.

Ka ce ta kawo maka wanda take karantawa yanzu, kai ko mahaifiyarta wani ya duba. Wanda bai dace ba a ajiye shi, a gaya mata dalili. Sannan ka sa mata bugaggun littattafai a hannu, irin su Magana Jari Ce, domin ido yana ɗaukar ƙa'idar rubutu daga abin da ya saba gani. Ka riƙa tambayarta labarin, da abin da za ta sauya da ita ce marubuciyar. In ta fara cewa "da ni ce", ka saya mata littafin rubutu na musamman. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata, ka ambata mata ita ko don nan gaba.

"Xan xo" kuwa tsakaninta da ƙawayenta ba abin tashin hankali ba ne, muddin bai tsallaka takardar makaranta ba. Ka nemi littafin insha'inta ka duba shafuka biyu ko uku. Idan can tana rubuta "zan zo", ta san bambancin. Idan ya tsallaka, ka kafa mata doka mai sauƙi: duk saƙon da za ta turo maka, da cikakkiyar Hausa zai zo, kai ma da irinta za ka mayar mata.